Ijaza ta Kwana 21: Nawa na Suki, Nawa na Mai Wurno?



Saƙon da na ɗauko wannan makon daga Jidda ya zo, daga wani ɗanmu da ke tsaron shagon yadi da turare a wajen Bab Sharif. Ya roƙi kada in faɗi sunansa, ba kuwa zan faɗa ba. Ga maganarsa a taƙaice. Rabonsa da gida tun kafin yaƙi ya tashi a watan Afrilu na 2023. Yanzu maigidansa ya ba shi ijaza, wato hutu, ta kwana 21. Mahaifiyarsa tana Suki, ta koma ɗakinta bayan gudun da suka yi zuwa Gadarif, ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage. Matarsa da yara uku suna Mai Wurno wurin iyayenta, har da 'yar autar da aka haifa bayan tafiyarsa, wadda bai taɓa ɗauka a hannu ba, sai dai a waya. Kowane gida an riga an fara share masa ɗaki. Sai ya ce: "Baffa, in yi musu goma-goma in huta da surutu, ko yaya ka gani?"

Ɗana, goma-goma ɗin nan babu shi. Lissafin kan takarda ne, hanya ba ta san da shi ba.

Da na karanta saƙon sai na tuna wani yaronmu da ke aikin gidan abinci a Atina, babban birnin Girka. Yana ba ni labari a waya cewa duk lokacin zafi Turawa masu yawon buɗe ido kan zauna a teburinsa suna gardama a kan tsibirai biyu, Santorini da Mikonos: wanne za a fara, wanne za a ba kwana uku, wanne huɗu. Ɗaya na masu son zama shiru ne su kalli faɗuwar rana daga kan dutse, ɗayan na masu son bakin teku da hayaniyar dare. Miji da mata har su yi fushi da juna a kan haka. Na yi dariya, na ce wata miyar sai a maƙwabta. Su in rabon ya karkace, hoto ɗaya ne ya ragu a waya. Mu in ya karkace, tsohuwa ce za ta kwana da abu a zuciya, ko mace ta yi shekara tana amsa waya da "lafiya lau" kawai. Amma yaron ya faɗi abu biyu da na riƙe. Masu wayo a cikinsu dare suke ƙirgawa, ba yini ba. Kuma ranar ƙetarawa daga tsibiri zuwa tsibiri suna cire ta daga lissafi ɗungurungum, ko da jirgin ruwa mai gudu awa biyu zuwa uku kawai yake yi, don haɗa kaya da jira a tasha da neman masauki sun cinye sauran, balle in iskar bazararsu ta taso ta hana jirgi tashi. Wannan kam ilimi ne, ko daga bakin wa ya fito.

Saboda masu karatu na Kumasi da Yawunde da Agadas da ba su san ƙasarmu ba, bari in ɗan zana musu. Kogin Nilu Shuɗi, wanda mu nan bahar kawai muke ce masa, ya gangaro daga Habasha ya ratsa Damazin da Sinja da Sinnar da Wad Madani, ya haɗu da ɗan'uwansa fari a Khartum. Mai Wurno tana gaɓar yamma, kamar kilomita 15 kudu da Sinnar. Sunan mutum ne ya zama na gari: Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda Turawan Ingila suka kashe a Burmi a 1903. Shi ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, suka sauka a bakin wannan kogi, har yau kuma gidan sarautar yana nan. Suki kuwa tana gaɓar gabas, can gaba da Sinnar ta kudu maso gabas. Garin tasha ne tun asali. Layin dogo da ya tashi daga Sinnar zuwa Gadarif ta nan ya bi, jiragen ruwa masu zuwa Rusairis a da daga nan suke tashi, daga baya aka kafa gandun noman rani na auduga da gyaɗa. Kakanninmu da yawa hanyar Makka ce ta ajiye su nan: a tsaya a yi kaka ɗaya a nemi guzuri, kaka ɗaya ta zama shekara arba'in. In ka tsaya a bakin ruwa, ƙetare kamar ka miƙa hannu. Amma mota sai ta zagaya, ko ta kan madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925, ko ta gadar Sinja. Wannan zagayen shi ne ranar ƙetarawa tamu.

To mu zauna mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, a cire uwar kuɗi kafin a kira riba.

Tun da yaƙi ya tashi, yawancin masu zuwa daga Saudiyya a Bur Sudan suke sauka in jirgin sama ne, ko Sawakin in babur ɗin ruwa ne. Jirgin sama daga Jidda bai fi kamar awa ɗaya ba, amma ranar ta tafi, don bas mai nisa da asuba yake tashi. Kwana na ɗaya ke nan. Na biyu daga Bur Sudan ta Haya da Kasala zuwa Gadarif, wajen kilomita 800, da shingayen bincike a hanya. Yini guda cur. Na uku daga Gadarif ta Fau zuwa Madani, ka juya kudu zuwa Sinnar. Uku zuwa, uku komawa, shida. Sai ka ƙara ɗaya na ajiya a Bur Sudan ranar komawa. Wannan kada ka yi rowarsa. Bizar fita da dawowa ba ta san taya ta fashe a Kasala ba, kuma na san mutanen da ikamarsu ta shiga matsala saboda kwana ɗaya da suka ƙara don a ci kaza. Bakwai sun fita, saura 14. A cikin 14 ɗin nan akwai ƙetarawa biyu, zuwa da dawowa, saura 12. Akwai kuma ranar da dole ka ba ofisoshi: takardar haihuwar yarinyar nan, lambar ɗan ƙasa, wataƙila fasfo. Sinja ce hedikwatar jiha, kuma wanda ya taɓa bin layi ya san ba aikin hantsi ba ne. Saura 11. Wannan shi ne hutunka na gaskiya. Kwana goma sha ɗaya kake rabawa, ba ashirin da ɗaya ba, kuma gara gidajen biyu su ji wannan lissafin daga bakinka tun kana Jidda, kafin kowa ya gina tsammani a kan iska.

Yanzu ina za a fara sauka?

Nan ne ƙasa da al'ada suka saɓa. Al'ada ta ce matafiyi a gaban mahaifiyarsa yake fara durƙusawa. Hanya kuwa ta ce daga tashar Sinnar, Mai Wurno ce a kusa. Kafin la'asar ta yi sanyi ka isa. Suki sai ka haye ruwa ka ƙara tafiya, ga gajiyar kwana uku a jiki, ga akwatuna. Ina da wani aboki dattijo, dillalin riɗi a kasuwar Gadarif, wanda muka sha gardamar nan da shi a kan kofin jabana. Shi a wurinsa maganar gajeriya ce: uwa ɗaya ce, ba a sake ta; ka wuce kai tsaye Suki ko da tsakar dare ne, ka yi kwanakinka duka a can, mace ta tattaro yara ta same ka. Ba na raina maganarsa. Girman haƙƙin uwa ba abin da ɗan kasuwa zai zo ya yi ciniki a kansa ba ne. Amma na ce masa: Alhaji, yarinyar nan fa shekara uku tana riƙe da yara uku ita kaɗai, ta ga shekarar 2024 da idonta, lokacin da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni, Suki ta bi baya a Yuli, Sinnar ta zama a kewaye, gishiri ma ya zama abin nema. Mijinta zai wuce ta kilomita 15 daga ƙofarta da akwati, ya aiko mata da saƙo wai ta biyo shi? Ko ta biyo, da wace zuciya za ta shiga gidan?

Abin da na fi gani shi ne wannan. Tun kana Gadarif ka kira Inna. Ba sanarwa za ka yi mata ba, izini za ka nema: "Inna, dare zai yi mini a Sinnar. In kin yarda in kwana Mai Wurno, gobe da hantsi in kawo miki jikokinki gaba ɗaya." Ban taɓa jin tsohuwar da ta ƙi wannan ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne su ji a bakin wata maƙwabciya cewa ɗansu ya shigo ƙasa tun jiya. Da izininta, daren nan ya zama kyautarta ce ga surukarta, ba abin da aka ƙwace mata ba. Kashegari ka shiga Suki da matarka da yara a bayanka. Shigar da ta fi wannan kyau ban san ta ba.

Ka ga a nan wani sirri ya fito wanda masu goma-goma ba sa gani. Tsibiri ba ya tashi ya bi ka ɗayan tsibirin, amma iyali suna tashi. Tsohuwa ce ba ta motsi. Kwanakin Suki, in matarka da yara suna tare da kai, kowa ya samu: Inna ta ga ɗanta da jikoki, yara sun ga uba, mace ta ga miji. Kwanakin Mai Wurno kuwa babu Inna a ciki. Da wannan kaɗai sai mutum ya ce to ashe abokina dillali ya yi gaskiya, a ƙare hutun duka a Suki.

A'a. Ga dalili, kuma ba daga kaina na ƙago shi ba.

Watannin baya wata baiwar Allah ta rubuto wa filin nan, mijinta yana Riyad. Ta ce ya zo ijaza ta wata guda, ta bi shi gidan iyayensa, dare talatin suna ɗaki ɗaya, amma ba ta samu awa ɗaya ta zauna da shi su yi magana ba. Da asuba ya fita masallaci, daga can zaure ya cika. Ita tana gindin murhu tun safe, kisra da asida da shayi ba yankewa, tire na fita tire na shiga. Dare ya yi ya shigo ya faɗi kamar an jefar da buhu. Ranar tafiya ya miƙa mata kuɗi ya ce ta yi haƙuri. Ta ce: "Malam, shi ya yi hutu, danginsa sun yi biki, ni na yi aikatau." Na karanta wasiƙar nan sau uku. Maza, mu ji tsoron Allah. Mace a gidan surukai ranar da ɗansu ya dawo daga Saudiyya ba baƙuwa ba ce, ita ce mai tuwo. Kwanan da ta yi a can ba za a rubuta shi a shafinta ba, ko a ce rabi. Shi ya sa dole a ware kwanaki a inda ita ce 'yar gida, inda uwarta da ƙannenta za su karɓi girki, ta sa tob ɗinta mai kyau ta zauna kusa da mijinta kamar mutum.

Akwai wata mas'ala a fiƙihun Malikiyya da muka ji a zaure tun muna yara, wadda sai da na girma na ga hikimarta. Matafiyi yana ƙasaru, amma in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ya zama mazauni, sai ya cika salla. Kuma wurare biyu suna yanke masa hukuncin tafiya da zarar ya shiga, ko bai yi niyyar kwana huɗun ba: garinsa, da garin da matarsa take zaune. Ka tambayi malaminku ya warware maka sharuɗɗan, ni ba mai fatawa ba ne. Abin da na ɗauka a ciki biyu ne. Na farko, shari'a da kanta ta ƙirga maka Suki gida, ta ƙirga maka Mai Wurno gida. Babu inda kake baƙo. Na biyu, ƙasa da kwana huɗu, mutum bai zauna ba, wucewa yake yi. Saboda haka duk rabon da zai bar ɗayan gidajen da kwana biyu ko uku, ni ban kira shi rabo ba. Leƙe ne.

Sai batun da ya fi cin kwanaki, wanda ɗanmu na Jidda bai ambata ba, wataƙila don bai so ya tuna: ɗaukar fatiha. A ƙasar nan wanda ya dawo daga tafiya bashi ne a kansa ya bi gida-gida inda aka yi rashi bayansa, ya tsaya a ƙofa ya ɗaga hannu, a karanta, sannan a gaisa. A shekarun lafiya gida biyar ne, shida ne. Yanzu fa? Shekara uku da yaƙi a ciki, ga kwalara da ta ɓarke a 2024, ga zazzaɓi, ga tsofaffin da hanyar Gadarif ta ƙarasa, ga 'yan uwanmu da rikicin Yuli 2022 ya koro daga wajen Damazin da Rusairis suka zauna cikinmu da nasu makokin. In ka ce za ka bi su yadda suka zo, hutun ya ƙare a ƙofofin mutane. Ka sa ƙanenka ya rubuta maka sunayen gidajen tun kafin ka iso, unguwa-unguwa. Yini biyu na farko a Suki ka ba wannan, daga hantsi zuwa azahar, da bayan la'asar. Ka fara da maƙabarta, kabarin mahaifinka. Kada ka zauna cin abinci a kowane gida. Ruwa ko shayi ya isa, kowa ya san uzurinka. Na Mai Wurno ma suna da nasu jerin, dangin matarka ne, kuma suna lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Yini ɗaya ka ba su, surukinka ko ɗansa ya yi maka jagora.

Karama kuwa, wato yankan godiya da ake tara jama'a, ka yi ta sau ɗaya, a Suki, rana ta uku ko ta huɗu. Amfaninta ba nama kaɗai ba ne. Duk mai son ganinka ya zo ranar ya gan ka, ka huta da rabin masu sallama. Ka gayyaci surukanka su hayo, ka biya musu mota. In ijazar ta haɗa da Babbar Sallah, Idi a Suki, layya a ƙofar Inna. In da hali, rago na biyu a Mai Wurno, tun da kwanakin yanka uku ne. In babu hali, cinya da hanta su haye ruwa a ranar, da hannun wanda ake jin kunyarsa.

Tsaraba ba zan daɗe a kanta ba, mun sha taɓawa. Akwati biyu, tun daga Jidda, kowanne da sunan gidansa. Na Suki kada a zuge shi a Mai Wurno a daren farko, ko da yara sun yi kuka. Turaren da ka saya wa matarka ka saya wa Inna irinsa ko wanda ya fi shi, ko da ba za ta shafa ba. Za ta ajiye a ƙasan akwati ta riƙa nuna wa masu zuwa. Kuɗi kuma kada ka dogara da takarda. Tun canjin kuɗin da aka yi a Disamba 2024 tsabar kuɗi ta yi wuya a hannu, mai shago da mai raksha duk Bankak suke tambaya. Ka tabbata manhajarka tana aiki kuma layinka na Sudan yana raye kafin ka baro Bur Sudan, ka kuma riƙe 'yan canji don inda babu sabis.

Bari in dawo kan yarinyar nan da ba ta san ka ba, don ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin saƙonka. Ranar da ka shiga za ta gudu ta ɓuya bayan zanen uwarta. Kada ka ji haushi, kada ka sa a kamo ta, kada ka ce "ba ki san Babanki ba?" a gaban mutane. A wurinta Baba wani ƙaramin mutum ne da ke zaune cikin waya. Wannan ƙaton mai gemu da ya cika ƙofa baƙo ne. Yaro irin wannan yakan ɗauki kwana uku kafin ya karɓi alewa daga hannunka, biyar kafin ya yarda ka ɗauke shi. A cikin hayaniyar Suki ba za ta saba da kai ba, hannu ɗari ne ke miƙowa. Sai an koma inda ta san kowane lungu, an rage baƙi, ta gan ka zaune a tabarma ba ka zuwa ko'ina, sannan za ta matso da kanta ta dafa gwiwarka. Wannan ma dalili ne na ajiye Mai Wurno a ƙarshe. Manyan biyun kuma kowanne ka ba shi fita ɗaya shi kaɗai. Ka ja babban ku gangara bakin bahar da sassafe lokacin da masunta ke fitowa, ku bi ta lambunan ayaba da mangwaro, ka tambaye shi karatu, ka yi shiru ka ji. Yaran da suka ga abin da suka gani a shekarun nan suna da maganar da ba su faɗa wa kowa ba.

Akwai kuma zancen da in ba ka sa masa rana ba, zai faɗo maka a daren ƙarshe, kana ɗaure akwati, kowa a gajiye, a rabu da ɓacin rai: ina iyalin nan za su zauna bayan ka koma? Inna za ta so a dawo mata da jikoki, ɗakinka na Suki kuma wataƙila sai an sa ƙofa da taga da kwano, don gidaje da yawa haka aka tarar da su bayan sojoji sun dawo da garin a Oktoba 2024. Matarka wataƙila ta fi son ta ƙara shekara kusa da uwarta har makarantar yara ta daidaita. Dukansu suna da hujja. Kada a yanke wannan a zauren Suki, inda ita ba za ta iya buɗe baki ba, kada kuma a yanke a Mai Wurno, inda Inna za ta ji labari daga baya. Ka fara jin ta bakin matarka ku biyu, tun a daren farko in ya yiwu. Ka duba ɗakin da idonka, ka kira magini ya faɗi kuɗi. Ka zauna da Inna ita kaɗai bayan isha, ba ranar karama ba. Abin da aka tsayar, a tsayar da shi kana Suki, da bakinka, da wata da za a yi shi, don kada ka bar mata biyu da igiya ɗaya kowa na ja, kai kana Bab Sharif kana auna yadi.

Ga rabon da zan ba ka ke nan. Dare na 3 Mai Wurno, da izinin Inna. Rana ta 4 ku haye, dare takwas a Suki, daga na 4 zuwa na 11. A ciki akwai fatiha, karama, da ranar Sinja. Rana ta 12 ku dawo, dare shida a Mai Wurno, daga na 12 zuwa na 17. Asubar 18 kana tashar Sinnar, wadda daga nan ba nisa, 19 kana hanyar Bur Sudan, 20 ajiya, 21 Jidda. In ka tara, Suki dare takwas, Mai Wurno bakwai. Inna ta fi da ɗaya, kuma ya kamata ta san ta fi.

Za a ce maka ka sake leƙawa Suki kafin ka tafi, ka yi sallama ta biyu. Ni ban ba ka shawara ba. Yini guda ne zai tafi daga cikin biyar ɗin da suka rage wa yara, kuma tsohuwa za ta yi kukan rabuwa sau biyu. Ka yi sallamarka ranar 12 a natse, ka durƙusa ta dafa kanka, sannan kullum bayan magariba ka kira ta, har ranar da za ka hau jirgi. Sai fa in jikinta ya motsa. In haka ta faru, duk lissafin nan ka yage shi, ka zauna inda take, matarka kuma ina da yaƙinin ita za ta fara ce maka ka zauna.

Wanda ya cika shekara biyar wurin maigida ɗaya, dokar aiki ta Saudiyya ta ba shi kwana 30. Taran da suka ƙaru kada ka raba su biyar da huɗu don ido. Ka duba inda aikin yake: in gini za a yi a Suki, can, in haihuwa ake jira a ƙetare, can. Masu zuwa da damina kuma, daga Yuli zuwa Satumba, ku ƙara kwana ɗaya na ajiya. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa, duk hanyar da ba kwalta ba ta zama tarko, gajeriyar hanyar Gadarif ta Dindir ku manta da ita, bahar kuma ya cika ya yi ja. Kada a sa yara a kwalekwale don a rage zagaye. A bi gada, a tashi da wuri, a isa kafin la'asar. A sayi gidan sauro biyu tun daga Gadarif, ɗaya na kowane gida.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, akwai saƙon wani ɗan'uwa daga Alƙahira a kan haɗin jari da ƙanen mata. Masu irin wannan labarin su aiko kafin Laraba.